Wa Ke da Ƙorama?

 

In aka ce a kare gulbi, mutumin Adar yakan ce wannan zancen mutanen Yamai ne da na Gaya, waɗanda kogin Isa ke ƙofar gidansu. Mu nan ina muka ga gulbi? Gaskiya ne, daga Tawa har Tebaram babu ruwan da ke gudu shekara duka. Amma fa muna da ƙorama. Wata tara tana kwance, rairayi tsantsa, jakuna na bin cikinta kamar hanya. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ta taso tana ruri, ta yi rabin yini tana gudu, kashegari ta kwanta kamar ba ita ba. To, ita ce gulbinmu. Rijiyar da kake sha, da tabkin da bisashe ke sha, da fadamar da ake dasa albasa, duk ita ke ciyar da su. Abin baƙin ciki, a garuruwa da yawa ba wanda aka ɗora wa tsaronta, ba kuma ko dala da aka ware don gyaranta. Doka da kuɗi take bukata, kuma mu da muka koyi karatu mu ya kamata mu nemo mata su.

Kafin mu je ga doka, bari mu san abin da za a kare. Dubi soron ɗakinka. Ruwan da ke zuba ta indararo, bisa soron duka ya sauka, sa'an nan ya taru ya bi hanya guda. Haka ƙasa take. Dabagi da gangaren dutse su ne soro, ƙorama ita ce indararo. Duk ƙasar da ruwanta ke taruwa cikin ƙorama ɗaya gida ɗaya ce, ko da gari goma ke zaune a kanta, ko da ba sa ga maciji da juna. Wanda ya sare icce a kan dabagi ya taɓa rijiyar wanda ke kwari, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Manyan kwaruruwan Adar, watau na Tadis da ke gefen Tawa, da na Keita, da na Badagishiri, suna gangarawa ne zuwa Dallol Mauri, wanda ya bi ta Dogon Dutsi har ya kai kogin Isa a ƙasar Gaya. A zamanin da can gulbi ne na gaske. Yau ruwan ba ya kaiwa can a bisa ƙasa, sai ya tsaya tabki-tabki, sauran ya nutse. Magiya kuwa ta ratsa ƙasar Buza da ta Ƙonni, ta ƙetare iyaka ta shiga ƙasar Sakkwato.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na yi horon malanta, yau shekara 11 ke nan ina koya wa manya karatu da rubutu da lissafi a garuruwan ƙasar Tebaram. Akwai lissafin da nakan ba kowane aji, kai ma ɗauki alƙalami mu yi shi tare. Hekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In aka yi ruwa na milimita 1 bisa hekta guda, lita 10,000 ke nan, watau tano 50 mai cin lita 200. Ruwa mai kyau na milimita 30, irin wanda ake shuka da shi, tano 1,500 ne. A shekarar da aka samu milimita 350, kamar yadda aka saba a wajajen Tawa, hekta guda ta karɓi tano 17,500. Ran da muka fara wannan lissafi, wani dattijo ya daɗe yana duban allo, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe ruwa na zuwa. Riƙo ne babu."

Me ya hana ƙasa riƙo? Dattawa sun ce da can dabagi cike yake da geza da sabara da kalgo, har mutum kan ɓata a ciki. Farin 1973 ya kashe na kashewa. Na 1984, wanda ake kira ƴar Buhari, ya ƙarasa da yawa cikin abin da ya rage. Yunwa ta sa aka yi ta saran icce ana kaiwa kasuwa, jama'a ta ƙaru, gonaki suka hau inda da ba a noma. Da ƙasa ta rasa inuwa da saiwa sai ta daskare ta zama fako, ruwa ya faɗi a kanta kamar a kan faranti. Ruwan da ya kamata ya kwana uku yana tsima ƙasa sai ya sauko cikin awa guda. Ya haƙa kwazazzabo, ya cinye bakin gona, ya ɗebo rairayi ya zuba cikin tabki da fadama. Shi ya sa za ka ga gari guda ya yi kukan ambaliya a watan Agusta, ya yi kukan ƙishirwa a watan Afrilu. Damanar 2024 ta tuna mana, don a faɗin Nijar ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan 1. Ko manyan tabkunanmu ba su tsira ba. A 2005 aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Suna ne mai kyau, amma suna ba ya hana rairayi shiga tabki.

Kada ka ce ciwon ba shi da magani. A nan Adar aka gwada maganin, har mutanen wasu ƙasashe suna zuwa kallo. Tun da can kakanninmu sun san jera duwatsu a gona don tare ruwa, abin da ake kira gandari. A 1975 ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya don karya iska. A 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka buɗe aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na jagora, PAM kuma na biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi bida, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun. Aka haƙa ramuka a gangaren duwatsu, aka yi kunyoyi a kan dabagi, aka ɗaure duwatsu cikin ragar waya aka gitta wa ƙoramu, aka gina madatsan ruwa. Cikin shekara kamar 20 aka farfaɗo da hekta fiye da 30,000, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18.

A 1989 wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda manoman can ke haƙa rami a fako suna zuba taki. Da suka komo sai suka gyara tasu tassa a kan wannan dabara: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar a gefen da ruwa ke gudu, a zuba taki cikin hannu biyu. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Fakon da ba wanda ke so ko kyauta, sai ga shi ana saye ana sayarwa. Rabin wata ma haka, wajen 300 ake yi a hekta guda, kowane bakinsa na fuskantar tudu don ya karɓi ruwa. A garin Batodi na ƙasar Illela, masu bincike sun ba da labari cewa a 1994 sai an yi mita 18 ake cim ma ruwa a rijiya, amma a 2004 mita 4 ta isa, har mata suka kafa garake. Ka ga ke nan, a kan tudu aka yi aiki, a cikin rijiya aka ga sakamako.

To, in magani ya samu, me ya rage? Abin da ya rage shi ne ranar da motar aikin za ta juya ta tafi. A wani gari da na yi shekara huɗu ina koyarwa, akwai shingen duwatsu cikin ragar waya da wani aiki ya gitta wa ƙorama tun kafin in zo. Bayan shingen ƙasa mai kyau ta taru, mata na shuka kuɓewa da yakuwa, rijiyoyin kusa ba sa ƙafewa da bazara. Wata damana ruwa ya ci gefe guda, ɓaraka kamar faɗin ƙofar zaure. Aikin kwana biyu ne ga mutum 20, da ƴar waya da amalanke. Na tambayi ajina, shingen nan na wa ne? Wani ya ce na waɗanda suka gina ne. Wani ya ce na gwamnati. Wani ya ce na mutanen garin da ke ƙasa da mu ne, tunda su suka fi shan ruwan. Su kuwa mutanen can suka ce, ai a ƙasarku yake. Muka rubuta takarda muka kai inda ya kamata, aka ce mu yi haƙuri, ba a tanadi kuɗin irin wannan ba. A damana ta uku ƙorama ta bi ɓarakar ta yi sabuwar hanya, ta bar shingen tsaye tsakiyar rairayi ba ya tare komai. Wata gwaggo a ajin mata, wadda ta ɗauki duwatsun shingen a kanta tun tana budurwa, ta ce mini, "Ɗana, mun haifi ɗa, ba a yi masa suna ba, ba a ce ga mai riƙonsa ba. In ya yi ciwo wa zai kai shi likita?"

Wani zai ce doka takarda ce, takarda kuwa ba ta tare ruwa. Bari in ba ka misali da icce. Shekara da shekaru manomi ya ɗauka iccen da ke gonarsa na gwamnati ne, in ya taɓa shi a ci shi tara. Don haka da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kada ya zame masa rigima. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka sassauta, manoma suka fara ganin iccen nasu ne, sai suka shiga sassaben zamani, suna barin gawo da kalgo da sabara su tashi cikin hatsi. A ƙasar Maraɗi da Damagaram da wani sashe na Tawa, wajen hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa ba tare da an dasa ba. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta sa hannu kan dokar da ta tabbatar wa manomi iccen da ya raina a gonarsa. Duk wannan alheri daga amsar tambaya guda ya fito, watau na wa ne? Ita wannan tambaya ce har yanzu ba a amsa wa ƙorama ba a garuruwanmu.

Ba wai ƙasa ba ta da dokoki ba. Akwai kundin dokokin karkara na ran 2 ga Maris 1993, wanda ya yarda da haƙƙin ƙasa na gargajiya, ya kuma kawo kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda muke kira kofo, daga gari zuwa ƙaramar hukuma har zuwa gunduma. Akwai dokar gandun daji ta 2004. Akwai dokar ruwa ta ran 1 ga Afrilu 2010, wadda ta ce kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwa, kare shi kuma amfanin kowa ne, mai ɗiba da yawa ya biya, mai ɓatawa ma ya biya. Akwai dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010, wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da bisashensa. A 2017 kuma aka amince da babban tsarin tafiyar da ruwan ƙasa, wanda ya ce a duba ruwa kwari-kwari, masu amfani da shi su zauna tare. Da Faransanci aka rubuta su tun farko, ko waɗanda aka fassara ma ba su iso hannun kowa ba. Dokar da ba a karanta ta a gindin bishiya ba, tana nan kamar iri cikin rumbu.

Saboda haka abu na farko da za mu nema shi ne kowace ƙorama ta sami tata takardar yarjejeniya, wadda ta jingina da waɗannan dokoki. A tara dukan garuruwa da rugagen da ke kanta, daga kan dabagi har bakin tabki. A shata bakin ƙorama, a ce taku kaza daga gaɓa ba a noma, ba a saran icce. A faɗi ƙasar da aka farfaɗo ta wa ce, wata nawa za a rufe ta, yaushe za a buɗe, wa zai yanki ciyawa, ina kuɗin ciyawar za su shiga. Kowane shinge da kowace madatsa a rubuta sunan kwamitin da ke riƙonta, kuma a sa mata a ciki, tunda su suka ɗauki duwatsu, su ke jan guga. Masu gari da hakimai da shugabannin makiyaya su sa hannu, a kai wa kofo ta rubuta, sa'an nan a karanta ta ran kasuwa da Hausa da Fillanci da Tamajak.

Ka lura da zancen makiyaya, don a nan ake yawan tuntuɓe. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta. In aka gyara dabagin da Fulani da Abzinawa ke kiwo a kai tun kaka da kakanni, sa'an nan aka raba shi gonaki, aka toshe burtali da mashaya, to an gyara ƙasa an ɓata zama. Yarjejeniyar da aka yi bayan idon makiyayi, daren farko garke zai taka ta. Wanda aka zauna da shi aka shata, shi ne zai kora maraƙinsa da kansa.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Mun gode wa baƙin da suka taimake mu, amma baƙo yakan gina ya tafi, gyara na mai gida ne. Tun 2004 muke da ƙananan hukumomi. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisunsu, an naɗa waɗanda za su riƙe, amma ko zaɓaɓɓe ke bisa kujera ko naɗaɗɗe, ana karɓar lanho, ana karɓar kuɗin kasuwa, ana rubuta kasafi kowace shekara. Shawarata ita ce a buɗe layi guda cikin kasafin, a sa masa suna gyaran ƙoramu da tabkuna. Ko dala ashirin aka cire daga kowace jaka ta kuɗin kasuwa, an samu abin sayen waya da hayar amalanke kafin ruwan farko. Masu noman albasa a fadama, waɗanda injinsu ke jan ruwan da mutanen tudu suka tare da guminsu, su ma su sa wani abu a kan kowane buhu. Wannan adalci ne, kuma ya dace da abin da dokar ruwa ta faɗa. Gwamnati ta ware nata rabo don gyaran tsofaffin ayyuka, kada kuɗi su tsaya ga sababbi masu allo da bikin buɗewa. Duk wani aiki kuma da zai zo mana nan gaba, a tambaye shi tun ran farko: in kun tafi, wa zai riƙe, da wane kuɗi? Tun ran gini tun ran zane.

Na san abin da za a ce. Za a ce tsaro ya cinye kuɗi da hankali, ga tsadar hatsi, ina ake ta ƙorama? Mu na arewacin Tawa mun fi kowa sanin zafin rashin tsaro. Amma ka duba, faɗa nawa tsakanin manomi da makiyayi a bakin rijiya ya fara? Samari nawa suka bar gida don gonar ubansu ta zama kwazazzabo? Kuɗin toshe ɓaraka mai faɗin ƙofa ba ya kai kuɗin buhunan agajin da za a raba in garake suka mutu. Za a kuma ce garuruwa ba za su taɓa haɗa kai ba. Ai a watan Yuli na 1990 Nijar da Najeriya sun zauna a Maiduguri sun sa hannu kan rabon ruwan da ke tsakaninsu, har da na Magiya da na gulbin Maraɗi. In ƙasa biyu masu tuta daban sun iya zama a kan ruwa, gari biyar masu kasuwa guda da auratayya ba za su kasa ba.

Yanzu ga naka aiki, kai da ka iya riƙe alƙalami. Ku fita da ƴan ajinku ku bi ƙoramarku da ƙafa, daga inda ta faro har inda ta ƙare. Ku zana ta a takarda, ku sa alamar kowane gari, da rijiya, da burtali, da shinge, da inda ta ci gona. Ku sami igiya ku auna zurfin ruwan rijiya ran ɗaya ga kowane wata, ku rubuta cikin littafi, don bayan shekara biyu littafin nan zai yi magana a gaban kowane babba. Ku nemi sakataren kofo na garinku, in babu ku tambayi dalili. Ku roƙi a kawo muku dokar ruwa da ta kiwo, a karanta a aji, wanda ya ji Faransanci ya fassara. Sa'an nan ku rubuta takarda da hannunku, cikin ladabi, da Hausa, kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba tukuna ya dangwala yatsa. Ku kai wa mai gari, ku kai ofishin ƙaramar hukuma kafin lokacin tsara kasafi, ku ajiye kwafi guda. In aka ce ku dawo, ku dawo. Kuɗin jama'a ne, neman sanin inda suka shiga ba rashin kunya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ku aika wa ajin garin da ke sama da ku da na ƙasa da ku, su ma su yi tasu, a haɗa a kai rana guda.

Ba don mu iya rubuta sunanmu kawai muka zauna bisa tabarma muna koyon baƙaƙe da girmanmu ba. Ƙasar nan amana ce, aro muka karɓa daga iyaye, ɗiyanmu kuma za su tambaye mu. Ku rubuto mana labarin ƙoramar garinku, da abin da kuka auna, da amsar da aka ba ku, don sauran masu karatu su ƙaru.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu zaman lafiya, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, amin.

Naku,
Malamin yaƙi da jahilci, Tebaram